Mai Hoda da makullin Hedimasta

Kafin ya taɓa sifana, tsintsiya yake fara ɗauka. Da sassafe zai buɗe gareji, ya janyo kwalayen da ya shimfiɗa jiya a ƙarƙashin motoci, ya duba abin da kowace ta ɗiga, sannan ya share ƙasa tas. Ya ce a kan ƙasa mai baƙin mai ba a bambanta ɗigon yau da na bara. Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, don gwiwoyi sun ce sun gaji da durƙuso.

Mai Hoda ake kiransa, saboda a cikin akwatin kayan aikinsa, tsakanin sifanu, akwai gwangwanin hodar jarirai. Mai walda da ke maƙwabtaka da shi ba ya gajiya da tsokana: "Ango, yau wace amaryar za a yi wa kwalliya?" Shi ko sai ya ce, "Wadda ka ƙona wa gefe jiya."

Ayyukansa da yawa, amma bari in ba ku guda, yadda mai waldan da 'yar mai motar suka ba ni.

Akwai wani tsohon hedimasta, ɗan shekara saba'in da huɗu, da ya sayi mota ta hannu bayan ya yi ritaya. Da ita yake kai matarsa asibiti, da ita yake zaga tsofaffin abokansa. Sai ga shi sau biyu a wata ɗaya ya goge ginshiƙin ƙofar gidansa wajen shiga kwana. Ya ce sitiyari ne ke sandarewa. Aka kai wa wani makanike, ya leƙa ƙasa bai ga ɗigo ba, ya ƙara man sitiyari, ya ce mota lafiyarta ƙalau. To, in mota lafiya, ai hannu ne ya tsufa. Babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta karɓe makulli, ita da ƙannenta suka yanke a sayar.

Don a duba ta kafin sayarwa aka kawo ta wurin Mai Hoda. 'Yar ce ta tuƙo, uban na kujerar gefe kamar wanda aka rage wa hanya.

"Kawu, dubawa kawai za ka yi," in ji ta. "Ga shi ni na tuƙo ta lafiya lau. Baba ne ba ya son yarda."

Mai Hoda ya zagaya wajen tsohon, ya gaishe shi, ya ce, "Malam, yaushe take yi maka taurin?"

"Sai na murza har ƙarshe. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta yi."

"Tana kuka?"

"Kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Na faɗa, an ce kunnena ne."

Mai Hoda ya ɗaga bonet, ya buɗe murfin man sitiyari. Mai ya yi ƙasa, kuma duk kumfa, alamar iska na shiga. Ya wanke famfon man da tiyo da mahaɗai, ya bari suka bushe, sannan ya barbaɗe su da hoda har suka yi fari fat. Mai walda ya bar aikinsa ya zo kallo.

Mai Hoda ya ce, "'Yata, tayar da ita. Murza hagu har ƙarshe, ki riƙe."

Ta murza. Famfo ya ɗauki kuka, sitiyari ya cije a hannunta, ta sa hannu biyu har da kafaɗa. Ya ce ta kashe, ta zo ta gani. Can bayan inji, a jikin tiyon da ke ɗaukar mai da ƙarfi, jan layi ya fito a kan farar hoda. Ya sa farce ya ɓare baƙin salatif da wanda ya sayar da motar ya naɗe wurin da shi. Ga tsaga siririya kamar gashi. Ba ta buɗewa sai an murza har ƙarshe, shi ya sa man ke zuba wajen shan kwana, ba a wurin ajiya ba.

"Wannan ko ɗan dambe zai goge ƙofa," in ji mai walda.

Nan take 'yar ta ce a canza famfon ma gaba ɗaya. Mai Hoda ya ƙi, ya ce famfo bai yi laifi ba, ƙishirwa ce ta sa shi kuka. Ya sa sabon tiyo da sabuwar robar mahaɗa, ya zubar da tsohon mai, ya zuba irin wanda motar ke sha. Ya ɗaga tayoyin gaba da jak, ya yi ta murzawa dama da hagu har kumfa ta ƙare.

Da wani ne, nan zai tsaya. Shi kuwa ya goge hannu ya ce, "Malam, mota ta warke, saura kai. Mu je ƙofar nan taka. In hannunka ne, a gaban 'yarka zan faɗa."

Tsohon ya gyara hula. "Ni da na shekara talatin ina ba da jarrabawa, yau ni za a yi wa."

Sau uku ya shiga ƙofar, sau uku ya fito da baya, Mai Hoda na gefe yana kallon hannu da madubi, 'yar na tsaye a bakin ginshiƙi. Ko fenti bai taɓa ba. Da ya kashe mota sai ya zare makulli ya miƙa mata, yadda ya saba a makonnin nan. Ta durƙusa a bakin ƙofar motar, ta mayar masa da hannu biyu.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, kin tare hanya. Mamanki na da ganin likita ƙarfe huɗu."

Kai ne, Mai Hoda, ka tambayi tsoho a lokacin da kowa ya gama yanke masa hukunci. Kai ne ba ka canza abin da bai lalace ba, ba ka kuma faranta wa mutum rai da abin da ba ka gwada ba. Mai haƙurin nema, mun gode. Allah ya ba gwiwoyin nan hutu, ya sa albarka a hannuwan da ka koyar.

Ku kuma masu tasowa a sana'a, da mu da ke da tsofaffi a gida, in dattijo ya ce abu na yi masa tauri, a wanke wurin a duba tukuna kafin a karɓe masa makulli.