Hannun Delu Mai Turare

A unguwar Ambassatna, ko matar da ba ta taɓa kallon fuskar Delu da kyau ba ta san hannunta. Tun tana budurwa take haɗa humra da turaren wuta, sana'ar da ta gada wurin kakarta, wadda ta zo garin tun ana kiransa Fort-Lamy. Itacen sandal da ƙonannen sukari sun rina mata yatsu, a bayan hannunta na dama kuwa akwai tabo mai lanƙwasa kamar lauje, inda tafasasshen sukari ya zubo mata shekarar da ta yi aure. Da hannun nan take miƙa wa iyayen amare kwalba, da shi take ɗiga musu humra a wuyan hannu su shinshina. Har masu shaguna a babbar kasuwa, Grand Marché, sun san shi.

Ɗanta guda ne, Hamisu, direban babbar mota, wanda ya fi kwana a hanya. Matarsa ta rasu wurin haihuwa, aka kawo wa Delu jaririya, Fadila. Bayan arba'in Delu ta lura hular da ta saƙa wa yarinyar ta matse. Ta warware ta ƙara faɗi. Ba a jima ba ta sake matsewa. Maɗigar yarinyar ta tashi, idanunta suka koma kallon ƙasa.

Delu ta tuna wani yaro a layinsu tun suna ƙanana, mai irin wannan kan. Tulu ake ce masa. Har ya koma ga Allah ba ta ji an kira shi da sunansa na yanka ba, ita ma ba ta san sunan ba. Ta ƙudura a ranta ba za a yi wa Fadila haka ba. Sai ta fitar da tabarma da kwalabenta tsakar gida, ta saki labulen ɗaki. Duk wadda ta tambayi jaririya, sai ta ce barci take.

Habiba kaɗai ta sani, maƙwabciyarta ta bayan katanga, kuma ita ta ce a kai yarinyar wurin ɗanta Zubair, wanda ya dawo daga karatun tiyatar kai. Delu ce ta yi wa Zubair wankan farko ranar da aka haife shi.

A asibiti likitoci suka yi ta Faransanci a kanta, masu jinya suna yi mata tsawa da Larabci ta matsa gefe. Sai ga Zubair ya durƙusa gabanta kamar a gida.

"Inna Delu, ruwa ne ya taru mata a kai, ya rasa hanyar fita. Za mu sa mata siririn tiyo ƙarƙashin fata, daga kai zuwa ciki, ruwan ya riƙa sauka."

Hausar nan da ta ji a tsakiyar baƙin wuri ta kwance mata ƙirji fiye da bayanin kansa.

"Sai abu ɗaya, Inna. Muna bincike kan yaran da ake haifa da irin wannan, da masu ƙari a ƙwaƙwalwa. Ina so in ɗauke ta hoto kafin aiki."

"Wa zai gani?"

"Likitoci kawai. Kuma za a rufe mata ido."

"Zubairu, ko ƴan uwan uwarta ban bari sun gan ta ba hula ba."

"Na sani, Inna. Ba mai gani wallahi."

Ta cire hular da kanta. Fadila ta ƙi tsayawa, sai Delu ta tallafe mata kai da hannun dama har aka ɗauka.

Aiki ya yi kyau. Kan ya daina girma, idanun suka ɗago, yarinya ta fara bin hayaƙin kasko da kallo tana dariya. Delu ta haɗa humra mafi kyau da ta taɓa yi, ta aika wa matar Zubair.

Bayan damina, wata ranar Laraba da hantsi, Bahijja mai kitso ta shigo, ba sallamar kirki, waya a hannu.

"Delu, ashe haka kike da zurfin ciki? Muna zaune da ke kina ta barci take, barci take!"

"Me ya faru?"

"Ke dai duba."

Hoton Zubair ne cikin kwat, a wani taron likitoci a ƙasar waje, yana murmushi kusa da wani babban allo mai rubutu. Habiba ce ta ɗora a wayarta don alfahari, ta rubuta Allah ya ƙara ɗaukaka. Bahijja ta sa yatsu biyu ta buɗa kusurwar allon. Ga kan Fadila tsirara, jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa, baƙin layi a kan idanunta. Ga hannu ya tallafe shi, yatsu rinannu, da tabo kamar lauje.

"An rufe ido dai," in ji Bahijja, "amma wa zai ɓata hannunki? Jiya a gidan biki kowa sai da ya karɓi wayar ya gani. Allah sarki, baiwar Allah. Ɗan ɗaga labulen mana in gan ta."

Delu ba ta ɗaga ba. Amma daga ranar mata suka yi ta zuwa jaje, har waɗanda ba su taɓa sayen ko garwashi a wurinta ba. Suna magana da ita, idonsu na kan labule. Wata mai ciki ta tsaya daga bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Ranar Juma'a ta ji wata tana yi wa baƙuwa kwatance a waje: "Gidan mai turare, kakar Mai Kai ɗin nan."

Da Zubair ya dawo ya shigo da tsarabar dabino, fuskarsa a sunkuye.

"Inna, ki gafarce ni. Ƙa'idar ita ce a rufe ido, kuma an rufe. Umma ce ta yaɗa, na sa ta goge."

"Ta goge a wayoyin unguwa duka?"

"Inna, aikin nan zai taimaki yara da yawa. Saboda shi ma an yi alkawarin ba mu kayan aiki."

"Kai ka aika wa uwarka hoton?"

Ya gyaɗa kai.

"Ka kalle shi kafin ka aika?"

"Ban lura da hannun ba."

"Hannun da ya wanke ka," in ji Delu. Ta juya ta ci gaba da daka farcen humra, har ya gaji da tsayuwa ya ajiye dabinon ya fita.

Ranar komawa asibiti ta matso. Delu ta raya a ranta ba za ta je ba. Ta shafa bayan kunnen Fadila, ta ji tiyon nan ƙarƙashin fata, ta san sai an duba shi, kuma ba ta san wani mai duba shi ba sai Zubair. Ta yafa lafayarta, ta goya yarinyar, ta tare taksi.

Da layi ya zo kanta Zubair ya miƙe tsaye.

"Inna Delu, sannu da zuwa. Ya jikin ƴar tawa?"

"Afe, doktor," ta amsa da Larabci, lafiya lau, kamar yadda take amsa wa kowane ma'aikaci.

Ya yi dariyar yaƙe, ya sake tambaya da Hausa ko tana amai, ko tana yawan barci. Ta ba shi amsa ɗaya bayan ɗaya, cikakke, ba ta rage komai ba, duk da Larabci. Ya auna kan, ya danna bayan kunne, ya ce komai daidai. Da ya zo rubutawa sai ya ce wa mai jinya da Faransanci ta miƙo masa katin yarinya mai ruwa a kai. Wannan kam Delu ta gane.

"Fadila," ta ce wa mai jinyar, tana mayar wa yarinyar hula. "Sunanta Fadila."

Ta ja lafaya ta rufe hannunta, ta fita.