Talabijin a Ƙarƙashin Tebur

Duk wanda ya fara shiga shagon Inna Mai Kitso, tambayar da yake soma yi ita ce wane marar hankali ne ya ajiye talabijin a ƙarƙashin tebur. Mijinta ne, kafinta, Allah ya jiƙansa, kuma hankalinsa ƙalau. Ya lura cewa yarinyar da ake yi wa kitso a ƙasa take zama, kai a sunkuye tsakanin gwiwoyin mai kitso, ba ta ganin komai sai siminti da yatsun ƙafarta, to me zai hana ta kuka? Sai ya buga tebur mai faɗi, aka jera mataji da tsinken tsaga da kwalaben mai a samansa, ya cusa talabijin da na'urar faifai a ƙasa, daidai idon yaro. Tun daga ranar kuka ya ragu a shagon. Ita kuwa Inna, daga kan kujerarta, ba ta ganin komai sai saman teburin.

Abin bai taɓa damunta ba. Tun tana budurwa, gwaggon da ta koya mata sana'ar ta dasa mata ƙa'ida ɗaya a kai: idon mai kitso ba ya barin tsaga. Ka ɗaga ido sau ɗaya, layi ya karkace, uwar yarinya ta kwana tana zaginka. Inna gajera ce, mai ƙarfin hannu, ba ta da yawan magana, kuma ba ta iya rarrashi ba. Rarrashinta duka kalma ɗaya ce, "Sunkuya." Amma kitsonta ba ya tashi da wuri, shi ya sa iyaye suke jawo 'ya'yansu har daga wasu unguwanni, yaran suna turjewa.

Faifai ɗaya ne ya yi sarauta a ƙarƙashin teburin nan. An gwada wasu, yara suka ƙi. Fim ne na zane, na wata gimbiya da agwagwarta mai ɗingishi, waɗanda suka je suka ƙwato kogin garinsu daga hannun wani ƙato da ya tare shi. Da wani yare ake maganar fim ɗin, wanda Inna ba ta jin ko kalma ɗaya a ciki. Duk da haka ta san shi kamar yadda ta san ɗakin kwananta, saboda tana da Rediyo.

Rediyo ita ce 'yarta tilo. Sunan ya bi ta ne don tun da ta buɗe baki ba ta rufe shi ba, har ubanta yakan ce a nemo masa inda ake kashe ta. Da ta dawo daga makaranta sai ta yar da jaka, ta kwanta rubda-ciki a gefen ƙafar uwarta, ta kama sharhi.

"Inna, yanzu ta hau dutsen. Inna, agwagwar ta faɗi. Ba ta ji ciwo ba, ƙarya take yi don a ɗauke ta."

Inna ta ce, "Uhm," hannunta na tafiya. A haka ta kalli fim ɗin shekara da shekaru, da kunne.

Sai dai faifan yana da aibi. Wata yarinya ta taɓa kama shi da hannun mai, wata kuma ta goge shi da gefen zane don ta gyara, ya karce. Kullum in aka zo kusa da ƙarshe, inda mutanen tsallaken kogi suka roƙi gimbiya ta zo ta taimake su, ita kuma ta tsaya a tsakiyar gada, uwarta na kallonta daga kan ganuwa, sai hoton ya cije. Kiɗa ya ɗauke, gimbiya ta sandare da ƙafa ɗaya a sama. A nan ne kaɗai hannun Inna yake tsayawa.

"Ta dawo?" in ji ta.

"Ta dawo mana," in ji Rediyo. Ta ce ai ta ga ƙarshen a gidan su wata ƙawarta. Gimbiya ta haye, ta gyara musu abin da ya dame su, ta juyo gida. Wata rana a kan doki take dawowa, wata rana a ƙafa, gwargwadon yadda Rediyo ta tashi. Amma kullum uwar tana bakin ƙofa, kuma kullum sai ta zaunar da 'yar a ƙasa, ta tsefe mata kai, ta yi mata sabon kitso. A ce sarauniya guda da tsinken tsaga a hannu, kuma duk unguwar ba wanda ya yi zargin komai.

Abin ya zama al'adar shagon. Ko Rediyo ba ta nan, da faifai ya cije sai babba a cikin yaran da ke jiran layi ta ƙarasa wa ƙanana labarin. Waɗanda aka ƙarasa wa suka girma, suka yi aure, suka kawo nasu 'ya'yan gaban tebur ɗin.

Rediyo ma ta girma. Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wani babban asibiti a wata ƙasa mai nisa, ta tafi da akwati biyu da sabon kitso. Da farko kullum sai ta kira. Daga baya ya koma ƙarshen mako, daga baya kuma sai in ta samu sarari, kuma kiran ba ya wuce "Kina lafiya? Ya ƙafar? To, zan shiga aiki." Yarinyar da ake neman inda ake kashe ta, ita ce yanzu ake jan magana daga bakinta. Wannan ne ya fi ci wa Inna rai, fiye da nisan. Tana kewar 'yarta ƙwarai, tana kuma tsoron kada a ce ita kaɗai ce ke kewar. Ba ta taɓa tambaya ba. Ba ta kira, sai an kira ta, wai kada ta takura wa mai aiki. In abin ya taso mata sai ta sa faifan, ko da yarinyar da ke gabanta ba ta kuka, ta jira ya cije, ta ji wata 'yar ƙaramar murya tana cewa gimbiya ta dawo.

Yara ne suka zo da labarin cewa an yi ci-gaban fim ɗin, za a riƙa nuna shi kashi-kashi duk Asabar da la'asar. Mai gyaran wuta na maƙwabta ya zo ya jona mata tashar. Ranar farko shagon ya cika har bakin ƙofa, kuma ba yara ne suka cika shi ba. Iyayensu ne. Matan aure masu jiki, da jakunkunansu da turarensu, suka baje a siminti rubda-ciki, suna ture 'ya'yansu don su leƙa ƙarƙashin tebur. A sahun gaba akwai Sarkin Kuka, wadda a yarintarta sai an danne ta ake yi mata kitso, yanzu kuma 'ya'yanta uku. A kan benci akwai wata malamar makaranta, baƙuwa a unguwar, ta kawo 'yarta tana jiran layi.

Ba a yi nisa ba Inna ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Wannan ba muryarta ba ce."

"Wallahi kuwa," in ji Sarkin Kuka. "Kuma sun ramar da ita. Dubi wuya."

"Agwagwar ma ta daina ɗingishi," in ji wata. "Wa ya ce su kai ta asibiti?"

Aka yi ta ƙorafi. Wannan ta ce zanen ya yi fayau kamar an yi shi da sauri, waccan ta ce waƙar ba ta shiga jiki. Yaran kuwa ko a jikinsu, su dai daɗi suke ji, suna cewa iyayen su yi shiru. Can sai Sarkin Kuka ta ɗago ta ce, "Ku tsaya. Wannan garin mai dogayen gidaje ba garinsu ba ne. Ina uwar? Yaushe kuma ta sake tafiya?"

Malamar ta ce, "Ai ba ta taɓa dawowa ba."

Duk suka juyo suka dube ta kamar ta zagi wani babba.

"Ta dawo, malama," in ji Sarkin Kuka a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai sani ba bayani. "Har uwar ta yi mata kitso."

"Kitso?" Malamar ta yi ƙoƙarin danne dariya, ta kasa. Ta ciro wayarta, ta nemo ƙarshen tsohon fim ɗin, ta miƙa. Kawuna suka haɗu a kan wayar. Gimbiya ta sauke ƙafar nan da ta daɗe a sama, ta ƙarasa gadar, ta juyo ta ɗaga wa uwarta hannu, ta shige. Kiɗa ya tashi, rubutu ya fara hawa sama.

Inna ba ta kalla ba, amma ta ji. Kiɗa ne da ba ta taɓa ji ba, mai daɗi kuwa, kuma har ya ƙare ba ta ji muryar uwar ba.

Wasu suka fashe da dariya suna cewa Rediyo ta gama da su, unguwa guda ta sha ƙarya ta ƙoshi. Sarkin Kuka ba ta yi dariya ba. Ta ce masu fim ɗin ne suka yi kuskure, namu ya fi, kuma ita ba za ta ƙara ɓata Asabar ɗinta a kan gimbiyar da ba ta san hanyar gidansu ba. Tana faɗa ta tuna a shagon wa take, ta kama bakinta. Inna ta duba kan da ke gabanta ta ga layi ya karkace, ta tsefe shi ta sake.

Da yamma, bayan ta share gashi ta wanke mataji, ta zauna a kujerarta ta yi abin da ba ta saba ba. Ta kira.

"Inna? Lafiya?"

"Lafiya lau. An nuna ci-gaban gimbiyarki yau. Ashe ba ta dawo ba."

Sai dariya ta ƙwace wa Rediyo, irin ta dā, mai shiƙewa. "Wa ya tona ni?"

"Wata malama. Ke ko kunya ba ki ji ba, har da kitso?"

"To ya zan yi, Inna? Ni ma ban taɓa ganin ƙarshen ba sai da na girma. Ke ce kike tambaya. Duk fim ɗin ba kya cewa komai sai uhm, amma da an zo gadar nan sai hannunki ya tsaya. Ina kwance ina kallon hannun."

Inna ta ja tsaki don kada muryarta ta ba ta kunya. Ta ce matan sun yi fushi sun ce ba za su ƙara kallo ba, yaran yanzu kuma ba su iya ba da labari ba, sai dariya kawai suke yi su bar mutum a duhu.

"Ana nuna shi a nan ma, lokaci ɗaya," in ji Rediyo. "Asabar ba na aiki."

"To. Amma ban da ƙari. Abin da ke ciki kawai."

"Abin da ke ciki kawai."

Asabar ta zagayo. Matan da suka rantse ba za su zo ba duk sun zo, har da Sarkin Kuka, wai yara ta rako. Inna ta jingina wayar da kwalbar mai, aka buɗe murya, 'yar malamar tana zaune tsakanin gwiwoyinta. Rediyo ta fara a ɗarare, kamar mai karanta labarai. Kafin a jima baki ya buɗe. Ta zagi sabuwar agwagwar, ta kwaikwayi muryar wani bafade mai sanƙo, ta ce wa Sarkin Kuka ta matsa, don ko ba ta gani ta san ta tare wa yara. Inna tana cewa "Uhm," hannunta na gudu, kuma ta daɗe ba ta ji daɗin aiki kamar ranar ba.

Can wajen ƙarshe muryar ta sauka.

"Yanzu ta koma ɗakinta, Inna. Ita kaɗai ce. Ta cire takalmi, ƙafafunta sun kumbura don tsayuwa. Tana zaune a bakin taga. Mutanen garin suna da kirki, amma ba wanda take iya yi wa surutu. Kanta ma ya daɗe ba a taɓa shi ba."

Inna ba ta jin yaren fim ɗin, amma ta san kiɗa, kuma abin da ke fitowa daga ƙarƙashin tebur ganguna ne da tafi. Ta riƙe silin da take kitsawa da hannu ɗaya don kada ya warware, ta dafa tebur da ɗayan, ta sunkuya, gwiwoyinta na ƙara. A karo na farko ta ga gimbiyar da idonta. 'Yar firit ce, ba ta kai yadda ta zata ba. Tana tsakiyar taro tana rawa, baki har kunne, agwagwar na juyi a gefenta da hula a kai.

"Tana son ta kira uwarta," in ji muryar a kan tebur, "sai ta ga in ta fara magana kuka za ta yi. Shi ya sa take gajartawa."

'Yar malamar ta ɗago kai. "Inna, rawa fa take—"

"Sunkuya," in ji Inna, ta mai da kan a hankali. Ta koma kan kujerarta, ta nemo tsagar da ta bari.

"Kuma ba ta san ranar da za ta samu dawowa ba, Inna."

"Ban tambaye ki ba," in ji Inna. Ta share idonta da bayan hannu, don yatsun duk mai ne. "Ci gaba, ina jin ki."