Likitan Koki da 'Yarsa ta Fari

Duk wanda ya tashi a Koki ya san ɗan asibitin Likita Isyaku, ɗakuna biyu da dogon benci, a cikin lungun da ko mota ba ta shiga. Shekara ashirin da shida ya yi a wurin. Shi ne na ƙyanda, shi ne na hawan jini, shi ne mai ɗinke ƙafar ɗan dako in ƙusa ta yage ta a Ƙofar Wambai. Gajere ne, mai saurin tafiya da saurin faɗa, kuma ba ya iya wuce mara lafiya. Ko ta bayan katanga ya jiyo tari, sai ya tsaya ya yi sallama.

Babban yaƙinsa kuwa da wankan jego ne. Ba wankan ya ƙi ba, yawan abin ne ke ba shi haushi: tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, garwashi a ƙarƙashin gado, ga kunun kanwa kofi bayan kofi. Bakinsa har ya gaji da gaya wa tsofaffi cewa kanwa da zafin nan suna tara ruwa a jikin mai jego har zuciyarta ta gaza. Duk gidan da aka haihu sai ya leƙa, ya danna ƙwaurin mai jego da babban yatsa. In wurin ya lotsa bai taso ba, to ranar mutanen gidan za su sha faɗa, sannan su sha magani. Matan da ya ceto ta haka, Allah kaɗai ya san yawansu.

Sai dai akwai mutum ɗaya da hannunsa bai taɓa dubawa ba, ita ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ake ce mata 'Yardada. Kunyar ɗan fari ta kama Likita kamu na gaske: ba ya kiranta, ba ya zama inda take, tun tana yarinya in ta yi zazzaɓi wurin wani abokin aikinsa yake tura ta. Duk bokon da ya sha bai raba shi da wannan ba, mutane ma yabonsa suke yi, wai Likita akwai kara.

A watan Mayun 1999, watan da soja za su miƙa mulki, 'Yardada ta haifi ɗanta na fari, aka kawo ta gida wanka. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, saboda haka yayar Likita, Gwaggo Husaina, ita ta karɓi jegon. Ita ce fa ta goya Likita yana jariri, ka ga kuwa ba a yi mata tsawa.

Daga tsakar gida ya tsaya ya ce, "Yaya, don Allah a sirka ruwan, kanwar nan kuma a bar ta."

Gwaggo ta ce, "To, Likita, mun ji. Ni da na yi wa uwarta wanka, yau ni za a koya wa?"

Garin ya yi zafi na fitar hankali. Kullum hadari ya haɗu, ya yi baƙi ƙirin, ya watse ba ɗigo. A kan bencin asibiti ba a zancen komai sai na mulki, wasu na rantsuwa soja ba za su sauka lafiya ba, akwai abin da ke tafe. Likita na jin su sama-sama, don hankalinsa na gida.

A kwana na ashirin ya jiyo tari daga ɗakin 'Yardada, irin tarin da ya sani sarai. Ya tsaya a bakin ƙofa, labule kaɗai ke tsakaninsu, ƙafarsa ta ƙi shiga. Ya wuce. Bayan kwana uku ya lura ta daina sa takalminta, manyan silifas ɗin Gwaggo ne a ƙofar. Ya ga an shigar da ƙarin matasan kai har biyu. Wallahi da a gidan wani ne, da tuni ya ɗaga labulen nan ya tara wa mutane jama'a.

"Yaya mai jegon?" Abin da ya iya tambaya ke nan.

"Lafiya lau," in ji Gwaggo. "Jego ya karɓe ta, har ƙiba ta yi."

Ƙiba! Shi ya san kumburi ne. Ya aika a kira abokin nan nasa, aka ce ya yi tafiya sai Litinin. Likita ya ce a ransa, kwana huɗu ne, za ta kai. Mutumin da bai taɓa yarda wani ya ce masa "sai gobe" a kan mai jego ba!

Ranar Asabar da hantsi, lungu ya yi tsit, kowa na gaban talabijin yana kallon rantsar da sabuwar gwamnati. Sai ga Gwaggo Husaina a ƙofar asibiti, mayafi a hannu. Ba ta ce Likita ba, cewa ta yi, "Isyaku, taso."

Ɗakin kamar gidan burodi don zafi. 'Yardada na zaune a jingine, numfashi na fita da ƙyar, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ya durƙusa ya danna ƙwaurinta, yatsansa ya nutse. Ya yi mata allura, ya daka tsawa a fitar da garwashin. 'Yan dako biyu suka ɗauke ta a kan kujera har bakin titi, aka tare tasi zuwa babban asibiti.

Ranar Talata Allah ya karɓi abarsa. Likita ya ƙara shekara tara yana aiki a lungun nan, ya yi wa jikansa riƙo na gata, amma faɗa ya bar bakinsa. Mutane suka ce tsufa ne. Ba su san abin da ta gaya masa a cikin tasin ba, kanta a kafaɗarsa, tana tsinkar maganar da numfashi.

"Baba, kullum ina jin takunka in ka tsaya a bakin ƙofa. Sai na ce, ai da akwai matsala da ka shigo. Shi ya sa ban gaya wa kowa ba."