Zalɓe a Gindin Ƙwarya

Lokacin sanyi a gidanmu na Dakoro, da an ci tuwo sai mu zagaye murhun kakata, Iya Hure, tana gasa mana gyaɗa a toka. Ni take ce wa maigida, ni kuma in ce ba na son tsohuwa mai warin hayaƙi. Sai mun roƙa take cewa, "Ga ta nan, ku ara mata kunne." Mu ce ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma.

Wadda na fi so ita ce ta mai zanen ƙwarya. Wai can ƙasar Katsina, zamanin mulkin Ingilishi, aka kwashe samarin wani ƙauye zuwa aikin tilas na haƙar kuza, har da ɗan wannan mata. Ba ta da mashi, ba ta da bakin magana gaban hukuma. Sai ta sa wuƙarta a wuta, ta zana zalɓe a gindin sabuwar ƙwarya: dogayen ƙafafu, hular Bature a ka, baki cike da 'yan kifi.

Ranar da Baturen ya zo rangadi aka tarbe shi da fura kamar kowane baƙo, a cikin ƙwaryar nan. Ya kafa kai, ya ɗaga gindinta sama. Gari duka ya ga zalɓen, shi kaɗai bai gani ba.

"To, maigida," Iya kan sassauta murya, "in mutum guda ya ƙyalƙyale, matag ga ta halaka. Tahintan Bature ya ciji leɓe. Dogari ya duƙa wai takalmi nai ya tsinke. Mai unguwa tari ya kama shi. Wallahi ba wanda yad dara sai da dokin Bature ya ɓace."

Mu kam sai birgima. Ta ce ƙurunƙus, kusu ma ya yi barci, mu tashi.

Yau in na ga an zana wani babba da ƙaton tumbi a waya, Iya nake tunawa, kewa ta kama ni. Sai bayan rasuwarta kawuna ya faɗa mini cewa mai zanen ƙwaryar nan uwarta ce. Ɗan da aka kwashe kuwa yayan Iya ne, kuma bai dawo ba. Shi ya sa suka tsallako iyaka zuwa nan. A lokacin na tuna cewa duk sanda muke birgima, Iya itacen murhu kawai take gyarawa. Ashe tana tsaye cikin taron ranar, 'yar yarinya, ta toshe baki da hannu. Mu ta bar wa dariyar.