Malama Judith, Wadda Aka Yi wa Ƙazafin Damfara

Ranar Talata, 11 ga Maris, 2025, ina wurin aiki a Argungu mijinki Felix ya kira ni, ya ce kin cika da hantsi bayan doguwar jinya. Malama Judith, na yi kuka, amma fushina ya fi kukan yawa.

Ke kika koya mana haɗa manhajar waya a makarantarmu ta Gwadangaji, alhali yawancinmu ba mu mallaki wayar ba. Sai kika ɗora wa tsofaffin kwamfutocin makaranta wata manhaja mai kwaikwayo, wadda ke sa kwamfuta ta yi aiki tamkar waya. Ranar da hoton wayar ya fito a allo na kai yatsa zan taɓa, kika yi dariya kika ce, "Sumayya, kwaikwayo take yi. Amma duk abin da ya yi aiki a nan, zai yi a wayar gaske." A kanta na gwada manhajata ta farko, mai tuna wa manoman shinkafar Zauro lokacin ban ruwa.

Malam Maigandi, mataimakin shugaban makaranta, ya daɗe yana so a ba ƙaninsa ɗakin kwamfuta. Da ya ji cewa 'yan damfara ma suna amfani da irin wannan manhaja, sai ya bi iyayenmu gida-gida yana cewa, "Matar ga damfara taka koya ma ɗiyanku." Bai taɓa leƙa ajinmu ba. Aka dakatar da ke, 'yan sanda suka yi miki tambayoyi, aka goge komai daga kwamfutocin. Binciken bai gano komai ba, kuma babu wanda ya zo ya ba ki haƙuri. Duk da haka kika ci gaba da koyar da mu a falonki da kwamfutarki ɗaya, har kina dafa mana gwate.

Jiya na ga Malam Maigandi a zaman makokinki, yana gaya wa jama'a wai makaranta ta yi rashin uwa. Malam, ka san inda gidanta yake tun tana raye. Me ya hana ka zuwa? Felix ya ce ta yafe maka. Ni ban yafe ba.

Allah Ya jiƙanki, Malama, Ya ba ki hutawa. Ya ba Felix da 'ya'yanku Hope da Irimiya haƙuri, Ya kuma tsare su daga bakin da ya ci mutuncin mahaifiyarsu.