Kujerar da Gwaggo Ta Hana Ni

Har yau in na tuna ranar da yayana ya rasu, haushi ke riga kuka zuwa.

Lokacin na daɗe ina fama da cinyar dama. An yi mini ƙaho har fatar ta gaji, na shafa duk man da aka ce in shafa. Sai da lokotoron asibiti a Mayahi ya duba hoton ƙashi ya ce cinyar ba ta da laifi. Guringuntsin gaɓar ƙugu ne ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi, zafin ya gangaro. Ya ce in riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, in riƙe sanda a hannun hagu, in gasa wurin da ruwan ɗumi, kuma in bar zaman ƙasa. Daga nan duk inda za ni, kujerar robata na biye.

Da safe aka kira ni cewa yayana ya rasu, na hau mota zuwa Attantane da kujerata. Na tarar ana yi masa wanka, mata sun cika tsakar gida a kan tabarmi. Na raɓa jikin rumbu na zauna, ina jiran a kira mu mu ga fuskarsa kafin a fita da shi.

Sai ga muryar gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ba a taɓa yin sha'ani ba ta sami wanda za ta gyara ba.

"Ke! Ɗan'uwanki na kwance ƙasa, kina bisa kujera kamar matar gwamna?"

"Gwaggo, ƙahwar ce."

"Wa ke nan da ba ya ciwon ƙahwa? Sauko."

Idanu suka yo kaina. Mace da jikoki, na ji kunya kamar yarinya. Na dafa rumbu na sulale ƙasa, ƙugun ya yi ƙara. Nan na zauna, ƙafar na sandarewa, ina amsa gaisuwa.

Da aka ce ƴan'uwa su shigo, na yunƙura, wani zafi ya soke ni daga makwancin cinya har gwiwa. Na sake yunƙurawa, na koma daɓas. Kowa ya yi ɗaki, sandata kuma wata ta ture ta can gefe. Ina kira, kuka ya danne muryata. Kafin mata biyu su lura su ciccibe ni, maza sun ɗauki makara, don rana ta fara zafi. Ƙafafunsu kawai na gani suna fita zaure.

Gwaggo ta fito tana share ido, ta dube ni ta ce, "Ke ba ki shiga ba?"

Abin da ke bakina ba na gidan mutuwa ba ne. Na jawo kujerata tsakiyar tabarmi na zauna, kuma a kanta na yi zaman makokin duka. Wanda ya so ya harare ni.

Matar yayana ta ce fuskarsa ta yi kyau ranar, kamar mai barci. Sai dai in yarda da ita.