Ta Ƙarshe a Layi

Kafin maigadi ya zuge ƙofar babban kantin da safe, Anti Kwando ta riga ta zagaya teburan biyan kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Ba inji take dubawa ba, wannan aikin wasu ne. Masu karɓar kuɗin take dubawa: wace ce ta kwana jinyar yaro, wane ne ya fito bai karya ba, wa ke ɗingishi yana ɓoyewa. Labarin zuciya dai a tambayi fuska. Tana gama zagayen ta san wanda zai fara hutawa yau da wanda zai iya jurewa zuwa rana. Sai ta je bakin ƙofa ta ɗauki kwandon sayayya, ta rataya a hannu, babu komai a ciki. Da shi za ta yini, kuma daga shi sunan ya samo asali.

Wanda bai taɓa tsayuwa a bayan teburin biya ba zai ɗauka hutu abu ne mai sauƙi, lokaci ya yi ka tashi. Ina! Kantin yana da ɗan allo mai rubutun "An rufe", amma wa ke karantawa? Kana ajiye shi wani zai ture shi da gwangwanin madara ya ce, "Nawa ɗan kaɗan ne, 'yar nan." A bayansa ga tsohuwa, a bayanta ga mai goyo. Yarinya mai kunya ba za ta iya buɗe baki ta ce wa sa'ar uwarta ta koma wani layi ba. Haka za ta tsaya, fitsari ya matse ta, ƙafa ta yi tsami, lokacin hutun ya zo ya wuce tana ji tana gani.

Anti ba ta yi jayayya da allon ba, ajiye shi kawai ta yi a sito. In lokacin hutun kashiya, wato mai karɓar kuɗi, ya yi, sai ta je ta shiga layinsa kamar kowa, ita da kwandonta. Duk wanda ya zo bayanta sai ta juyo da fara'a ta ce, "Sannu da zuwa. Ni ce ta ƙarshe a nan, ga tebur can ba mutane sosai." Haka za ta riƙa matsawa gaba har ta iso, ta dire kwandon a kan tebur, ta ce, "Tashi." Shi ke nan. Kashiya bai kori kowa ba, bai sha harara ba. Hararar duk ita ta shanye.

Kuma ta sha, ba kaɗan ba. Maigadi shaida ne. Ya ce akwai ranar da wata mata ta zage ta ta uwa ta uba, Anti ta yi kunnen uwar shegu, ta ma taya ta tura keken kayanta zuwa ɗaya layin. Wani dattijo kuwa da ya saba zuwa ya kasa haƙuri ya tambaye ta, "Ke baiwar Allah, kullum kwandonki wayam. Wai me kike saye ne?" Ta ce, "Hutu nake saye, Baba, kuma daga kaina ya ƙare." Dattijon ya yi ta dariya har ya manta da sabulun da ya zo nema.

Amma abin da ma'aikatan kantin suka fi tunawa shi ne maganar 'Yar Shiru. Sabuwar kashiya ce a lokacin, tana cikin watannin gwaji, ba ta magana sai an tambaye ta. Mijinta ya rasa aiki, albashinta ne ke riƙe da gidan. Tana da ƙaramin ciki, bayan ɓari biyu da ta yi, likita kuma ya gargaɗe ta da doguwar tsayuwa. Ta ɓoye, don tana tsoron in an sani ba za a tabbatar da ita ba. Anti ba a gaya mata ba. Ta dai lura yarinyar ta daina sa takalmi mai rufi saboda kumburin ƙafa, tana kuma dafe tebur da hannu ɗaya in za ta ɗaga kaya. Ba ta tambaye ta komai ba, sai dai kwandon ya fara yawan zuwa layinta.

Ana nan sai ga ranar da aka karya farashi, kanti ya cika ya batse. Manaja ba mugu ba ne, shi ma daga sama ake matsa masa. Ya tara su da safe ya ce yau babu hutu sai layi ya ragu. Rana ta take, layi bai ragu ba. Anti ta hango 'Yar Shiru, leɓenta ya bushe, gumi na keto mata duk da sanyin na'ura. Ta ɗauki kwando ta shiga layi.

Manaja ya taho da sauri, ya rage murya. "Anti, ba ki ji abin da na faɗa da safe ba?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

"To fita daga layin nan, don Allah. Dubi jama'a."

"Na gan su. Yarinyar nan za ta zauna. Teburin ba zai tsaya ba, ni zan hau."

"In kin hau, wa zai kula da sauran? Me ya same ta ne?"

A nan ne fa! Kalma ɗaya ta isa ta wanke Anti a wajen manaja, amma kalmar ba tata ba ce, kuma tana iya cinye aikin yarinyar. Sai ta ce, "Babu abin da zan ce ya same ta. Ni ce na ga ya kamata. In da laifi, nawa ne."

Ta iso gaba, ta dire kwandon, ta ce, "Tashi, 'yata." 'Yar Shiru ta shiga ɗakin hutu, mai goge ƙasa ta kai mata ruwa ta ɗora mata ƙafa a kan kwali. Anti ta tsaya a teburin har yamma.

Laifin kuwa an ɗora mata shi. A shekarar ne ake maganar ƙara mata girma zuwa ofis, inda akwai kujera da fanka, gwiwoyinta ma sun fara neman hakan. Maganar ta bi ruwa, an ce ba ta bin umarni. Ba ta taɓa bayyana dalili ba. Sai da aka tabbatar da 'Yar Shiru, ciki ya fito kowa ya gani, sannan manaja ya fahimta. Ya yi abin kirki, ya sa aka kawo dogayen kujeru a kowane tebur. Ofis dai an riga an ba wani.

Ke ce, Anti, garkuwar mai kunya. Ke ce kika gane cewa hutun da aka rubuta a doka ba hutu ba ne sai wani ya tsaya ya tare layi. Kin tsaya shekara da shekaru don wasu su zauna, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma masu riƙe da mutane a kanti ko a ofis, ga hanya nan an nuna muku, ba ta buƙatar komai sai ido da ɗan haƙurin shan harara.

Ranar da Anti ta ajiye aiki, makon da ya wuce, kashiya ɗaya bai zo ba, don haka ita ce a kan tebur tun safe, ba ta ko kurɓi ruwa ba. Can wajen azahar ta ɗaga kai, sai ta ji murya a ƙarshen layinta tana ce wa wani mai saye, "Yi haƙuri, malam, mu ne na ƙarshe a nan." 'Yar Shiru ce, wadda yanzu ita za ta gaji aikin, tana riƙe da hannun 'yarta mai kayan makaranta. Suka matso a hankali har suka iso. Yarinyar ta yi ɗage, ta ɗora kwandon da babu komai a kan tebur da hannu biyu. Anti ta buɗe baki za ta ce akwai sauran aiki, idonta ya cika da hawaye.

'Yar Shiru ta ce, "Tashi, Anti."